Shaidar Ido a Kan Hasken Taurari

Daga cikin taurarin da suka ƙawata sararin sama akwai waɗanda haskensu ba ya tsayawa a hali guda. Sukan yi ƙarfi, su dushe, sa'an nan su dawo. Mira, wanda David Fabricius ya lura da shi a 1596, yakan kammala wannan zagaye cikin kimanin kwana 332, kuma yakan dushe har ido ya daina ganinsa. Algol kuwa, wanda sunansa ya samo asali daga Larabci, Ra'asul Gul, yakan dushe duk bayan kwana uku ba kaɗan. Matashin da ya auna wannan tazara a Ingila a 1783, John Goodricke, kurma ne, kuma sha'awa ce kawai ta sa shi aikin.

Tambayar da na daɗe ina juyawa a raina ita ce: yaya masana za su dogara da ƙiyasin mutumin da ba shi da na'ura sai idonsa da ɗan madubin hangen nesa?

Hanyar ƙiyasin ba ta da wuya. Masana sun kasa hasken taurari daraja-daraja. Ƙaramar lamba ita ce mai haske, kuma bambancin daraja biyar daidai yake da ninki ɗari. Mai kallo yakan zaɓi taurari biyu da aka san darajarsu, ɗaya ya fi tauraron da yake bi haske, ɗaya bai kai shi ba, ya kwatanta, ya rubuta lamba da lokaci. Friedrich Argelander na Jamus shi ya daidaita wannan hanya, ya kuma yi kira ga masu sha'awa a 1844 su shigo aikin.

Ido fa yana da rauninsa. Jan tauraro yakan ƙara haske a ido idan aka daɗe ana zura masa kallo. Farin wata yana rage ganin taurari masu rauni, haka ma hazon hunturu da muka sani a ƙasarmu. Tauraron da ya yi ƙasa-ƙasa yakan dushe saboda kaurin iska. Shi ya sa mutum biyu za su dubi tauraro guda a dare guda, lambobinsu su saɓa.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ɗaruruwan mutane daga ƙasashe daban-daban suka aiko da ƙiyasinsu, wanda ya zarce da wanda ya gaza sukan cike wa juna, matsakaicinsu ya kusanci gaskiya. A kan haka aka kafa ƙungiyar AAVSO a Amurka a 1911, wadda ta tara miliyoyin ƙiyasi. Albert Jones na Niyu Zilan shi kaɗai ya bar sama da dubu 500. Da jan tauraron nan Betaljus ya dushe daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020, tarihin haskensa da irin waɗannan mutane suka adana yana cikin abin da ya nuna wa masana cewa lamarin ya wuce yadda aka saba.

Kuskuren da nake ganin ya fi haɗari shi ne wanda taro ba ya gyarawa. Idan mai kallo ya riga ya san lambar da ake tsammani, ko ya leƙa abin da wasu suka rubuta, idonsa zai bi zuciyarsa. In kowa ya yi haka, shaidu dubu sun zama shaida ɗaya. Don haka ake horon masu kallo su rubuta abin da suka gani, ko da ya saɓa wa na kowa. Sauyin da ya yi ƙanƙanta ainun kuwa, a bar wa na'ura shi.

Kai ɗalibi mai shirin zama malami, wannan darasi naka ne. Ranar da za ka ɗauki takardar insha'i ka ba ta maki, ƙiyasi kake yi da ido. Ka ajiye ma'auni a gefenka, ka nemi wani malami ya duba ba tare da ya ga makinka ba, kuma kada sanin da ka yi wa yaro jiya ya yanke masa hukuncin yau.