Kilomita 50 a Ƙafa, a Burtalin Katsina

Tun da labari ya fita cewa ni da wasu abokaina mun yi gudun kilomita 50 a hanyoyin gona da ke gabas da birnin Katsina, saƙonni suke ta shigo mini. Wasu na sa albarka, wasu na tambayar me ya yi zafi haka, wasu matasa kuma na son sanin yadda za su fara. Bari in amsa wa kowa a nan.

Tseren maraton da muke gani a talabijin, irin wanda ake yi a Legas tun 2016, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Duk abin da ya haura wannan ya shiga sahun gudun dogon zango, kuma matakin da aka fi farawa da shi shi ne kilomita 50, kusan daga Katsina zuwa Jibiya ke nan. A Afirka ta Kudu, tun 1921 ake gasar Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, kamar daga nan zuwa Maraɗi, kuma awa 12 ake ba mutum ya gama. A Maroko, tun 1986 ake gasar Marathon des Sables cikin Sahara: kusan kilomita 250 a mako guda, kowa da guzurinsa a baya, ruwa ma sai an auna masa. Mutane na zuwa daga Faransa da Ingila da Amurka da kaya masu tsada, amma 'yan ƙasa ne suka fi lashe ta. Lahcen Ahansal, wanda ya tashi a bakin hamadar nan, sau 10 ya zo na ɗaya.

Wannan ne ya fara ba ni ƙwarin gwiwa, domin mu ma doguwar tafiya gadonmu ce. Kakanninmu fatake a ƙafa suke zuwa Gwanja sayen goro. Alhazan da suka keta Chadi da Sudan, da yawansu a ƙasa suka tafi, wasu sai sun yi shekaru kafin su dawo. Ranar hawan Sallah ku dubi zagage, tun daga filin idi har Ƙofar Soro suna tare da dawaki cikin rana. Ko a 2015, Suleiman Hashimu, ɗan asalin jiharmu, ya tako daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18. Jinin yana nan a jikinmu. Babur da Keke Napep ne suka sa yau saurayi ba ya iya zuwa Babbar Kasuwa daga Ƙofar Ƙaura ba tare da ya hau wani abu ba, ga shi kuma ciwon suga da hawan jini sun shiga gidaje da yawa.

Mun tashi bayan sallar Asuba, cikin sanyin hunturu, muka fita ta wajen Ƙofar Durɓi muka bar kwalta. Gudu a burtali daban yake da gudu a filin wasa na Muhammadu Dikko. Rairayi na cin ƙarfin ƙafa, kana takawa yana zamewa. Ƙarangiya na manne wa safa, tsidau na neman huda takalmi, ga kututturen kara da aka bari bayan girbi. Dole idonka na ƙasa. Inda yashi ya yi zurfi sai mu koma tafiya, kuma babu abin kunya a ciki, domin manyan 'yan gudun duniya ma suna tafiya a hawa da cikin yashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wajen kilomita 30 nan ake gane mutum. Ƙarfin da jiki ya tara daga abinci a hanta da tsoka yakan kusa ƙarewa a daidai nan, sai ƙafa ta yi nauyi, zuciya ta fara kawo maka dalilan tsayawa, kowanne kuma mai kama hankali. Maganin wannan tun da wuri ake fara shi, wato a riƙa ci kaɗan-kaɗan kafin yunwa ta zo. Dabino muka riƙe, da ƙuli-ƙuli da zuma, sun kuwa wadatar. Batun ruwa kuma ina roƙon a saurara da kyau. Gumi na fita da gishiri, kuma wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla na awoyi, gishirin jininsa na iya sauka har kansa ya juya, abin kan kai ga rasa rai. A haɗa da ruwan gishiri da sukari irin na kemis, a sha gwargwadon ƙishi. Kada kowa ya gwada wannan a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Disamba da Janairu ne lokacinsa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, sannan kowa ya ba jikinsa watanni yana ƙara nisa a hankali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya wuce ciwon ƙafa. A wani ƙauye, mata na hango mu da gudu suka fara janye yara cikin gida. Wani dattijo ya tare mu ya ce, "Samari, lafiya? Su ne?" Muka ce, "Lafiya lau Baba, motsa jiki muke." Ya daɗe yana kallonmu kafin ya yarda, sannan ya sa aka kawo mana fura, ya yi mana addu'a. Wannan tambaya tasa ta taɓa ni ƙwarai, domin 'yan bindiga yake nufi. A Katsina ta yau, mutum ya taho da gudu daga daji alama ce ta masifa. Shi ya sa ko tunanin fita ta Ƙofar Guga ko Ƙofar 'Yanɗaka ba mu yi ba, alhali can yamma, wajen Batsari da Safana har dajin Rugu, duwatsu da kwazazzabai da suka fi dacewa da wannan wasa suke. Mu wasa kawai muka rasa a can. Manomi gonarsa ya rasa, mai tallar nono kuma hanyar kasuwarta. Duk hanyar da ɗan gudu ba zai iya bi da asuba ba, talakan ƙauye yana bin ta ne a kan dole, ransa a hannu.

Saboda haka duk wanda zai gwada, kada ya tafi shi kaɗai. A je tun kafin ranar a gai da mai unguwa ko dagaci, a sanar da jami'an tsaro, a samu mai babur ɗan yankin yana biye da ruwa da kayan agaji. A sa sutura ta mutunci, kada a keta gonar kowa, kada a bar leda a hanya.

Mun gama kafin La'asar, ƙafafu duk bororo, amma Alhamdu lillahi kowa ya dawo gida lafiya.

Kirana ga hukumar wasanni ta jiha da masu hannu da shuni: Jihar Filato ta fitar da 'yan gudun dogon zango saboda an kula da yaranta, mu ma muna da yara makiyaya da manoma da ke cin nisa kullum ba wanda ya taɓa gwada su. A shirya mana tsere ko na kilomita 21 ne a hunturu mai zuwa, a hanya mai tsaro tsakanin Katsina da Mani. Matasan da ke son farawa kuma, ku yi mini magana, mu haɗu bayan Asuba ranar Asabar mu fara da kilomita 5. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu, amin.