Daren da na saurari mabusan Rocesta

Rocesta birni ne a jihar New York ta Amurka, dab da Tafkin Ontariyo, kuma kogin Janesi ya ratsa shi ta tsakiya. Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni can a farkon hunturu, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi. Mai masaukina ya ce wanda ya bar garin bai ji mabusan Eastman ba, tamkar ya je Kano ne bai leƙa Kurmi ba. Na bi shi don kara kawai, ba don sha'awa ba.

Makarantar kiɗa ta Eastman reshe ce ta Jami'ar Rocesta. George Eastman, attajirin da ya kafa kamfanin Kodak, shi ya assasa ta da dukiyarsa a 1921. A 1952 wani malaminta, Frederick Fennell, ya kafa ƙungiyar mabusa a kan sabon tsari. Kafin nan an saba ganin rundunar mabusa masu ɗimbin yawa, mutum da dama na busa abu guda. Fennell ya rage su zuwa kimanin 45, ya ɗora wa kusan kowane ɗaya nasa kason shi kaɗai. Fayafayen da suka naɗa da kamfanin Mercury suka baza sunansu, har jami'o'i da yawa suka kwaikwayi tsarin.

Da muka shiga zauren da ke titin Gibbs, sai na ga samari da 'yan mata sa'o'in ɗalibaina, sanye da baƙaƙen kaya. Mai busa obo, wadda ta yi kama da algaitarmu, ya saki sauti ɗaya, sauran suka daidaita nasu da shi. Da jagoran ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit. Can tsakiyar kiɗan sai kowa ya dakata, aka bar wata yarinya da sarewarta ita kaɗai. Da ta kuskure, ba wanda zai rufa mata asiri. Ba ta kuskure ba.

A hanyar komawa masauki tunani ya dame ni. Waɗannan ɗalibai ne, kowace shekara wasu na kammalawa, wasu na shigowa. Duk da haka sunan ƙungiyar ya haura shekara 70 bai dusashe ba. Donald Hunsberger kaɗai ya jagorance ta daga 1965 zuwa 2002. Ashe abin da ake gada a nan al'ada ce: kowa ya san kasonsa, kuma ya san za a ji shi.

Nan na tuna aikin rukuni da nake bai wa ɗalibaina. Mutum goma ke rattaba suna, ɗaya ko biyu ke yin aikin, ni kuma in raba maki daidai wa daida saboda yawan aji ya fi ƙarfina. Da hannuna nake koya wa takwas fakewa a bayan biyu, sannan in yi ƙorafin cewa darajar takardar digiri ta faɗi.

Tun da na dawo na sauya tsari. Kowane ɗan rukuni yana tashi gaban aji ya kare nasa kason na minti uku. Aikin yana cin makonni, ɗalibai sun yi gunaguni, amma a zangon nan na ji muryoyin da ban taɓa ji ba.