Ƙoƙon kunkurun da babu shi ya tsayar da mota!

Kai! Kai jama'a! Ku zo ku ji abin da na gani a falon wani abokina. Mota ce 'yar ƙarama, ta wasan yara, Mario na zaune a ciki da jar hularsa, ga wata 'yar kyamara a saman kansa. Ana ce wa wasan Mario Kart Live: Home Circuit. Kamfanin Nintendo ne ya fitar da shi a watan Oktoba na 2020, tare da wani kamfanin Amurka, Velan Studios.

Ƙofofi huɗu na kwali ya jera a ƙasa, kowace da lambarta, 1 zuwa 4. Ya miƙo mini Switch, na'urar gem mai allo ta Nintendo, ya ce, “Malam, tuƙa ka ratsa su.” Na tuƙa. Duk inda motar ta bi, nan ya zama titin tsere. Falo ya zama filin tsere!

Na dubi allon, sai ga falon nan da na sani, amma daga ƙasa-ƙasa, daidai idon motar. Ƙafar tebur ta zama ƙaton ginshiƙi. Takalmi a bakin ƙofa ya zama tudu. A kan tayil ɗin nan kuma wasu motoci na ta wuce ni, fiu, fiu! Na ɗaga kai na duba ƙasa. Babu su! Motata ce kaɗai ke zuwa, injinta na ƙara ziiii.

To, ga inda jikina ya yi yar. Wani abokin tsere a cikin allo ya jefo mini ƙoƙon kunkuru. Ƙoƙon da babu shi a duniya, zane ne kawai. Ya bugi motata a allo, sai motar gaske, ta roba, wadda nake gani da idona, ta tsaya cak! Cak! Na ɗauki naman kaza a wasan, ta zabura da gudu a ƙasa. Wallahi tsaye na miƙe.

Yadda abin yake: kyamarar na aika hoto zuwa Switch ta Wi-Fi, wasan ya gane alamomin jikin kwalayen, ya ɗora zanensa a kan hoton, sannan ya mayar wa tayoyin da umarni. Zuwa da dawowa, zuwa da dawowa, cikin ƙiftawar ido.

Kuma fa amfanin kayan gem ya wuce falo! Sojojin ruwan Amurka, a jirginsu mai nutso USS Colorado da ya fara aiki a 2018, da hannun gem na Xbox suke juya kyamarar leƙen saman ruwa. Hannun gem! Na kusan dala 30 a lokacin, a madadin wata na'ura mai tsadar kusan dala 38,000, kuma matasan sojojin sun riga sun iya shi tun suna yara. Kinect ma, kyamarar Xbox da ta fito a Nuwamban 2010, cikin 'yan kwanaki masu fasaha suka haɗa ta da kwamfuta, daga nan ta zama idon butum-butumi a jami'o'i.

Don Allah ɗan'uwa, nemi bidiyon motar nan ka kalla. Ka kira yaran gida ku kalla tare, musamman mai son kwance rediyo ɗin nan!