Abin da recv bai yi maka alkawarinsa ba

A cikin dukan umarnin da nake koyarwa a darasin sadarwa tsakanin kwamfutoci, babu wanda ya kai recv sauƙin rubutawa, babu kuma wanda ya kai shi yaudarar mai koyo. Abubuwa huɗu kawai yake karɓa: soket ɗin da za a saurara, mazubin da za a zuba bayanai a ciki, girman wannan mazubi, sai ƴan tutocin da kan sauya halinsa. Tun 1983, lokacin da tsarin soket ya fito a cikin Unix na jami'ar Berkeley mai lamba 4.2BSD, fasalinsa bai sauya sosai ba. Amma kowace shekara nakan ga ɗalibai masu hazaƙa sun yi tuntuɓe a wuri guda: sun ɗauka cewa idan an aika saƙo sau ɗaya, to sau ɗaya za a karɓe shi cif.

Tushen ruɗanin yana cikin TCP kansa, ƙa'idar da aka wallafa a watan Satumba na 1981 cikin takarda mai lamba RFC 793. TCP ya yi alkawarin abu biyu: bayit-bayit ɗin da aka aika za su iso a jere yadda aka jera su, kuma babu wanda zai ɓace a tsakiya ba tare da an gane ba. Bai ce komai ba game da inda saƙo ya fara da inda ya ƙare. Nakan ce wa ɗalibai su tuna mai awon gero a kasuwa. Idan ya zuba tiya uku a buhu, wanda ya buɗe buhun a gida zai tarar da geron duka, amma ba zai ga iyakar tiya ta farko da ta biyu ba. Haka kira uku na send ke iya isowa a kira ɗaya na recv, kira ɗaya kuma yana iya tsagewa gida biyar.

Dalilin tsagewar yana kan hanya. Layin Ethernet na yau da kullum ba ya ɗaukar ƙunshin da ya wuce bayit 1500. Idan aka cire 20 na kan IP da 20 na kan TCP, abin da ya rage wa bayanai shi ne 1460. Saƙo mai bayit 4000 dole ya tafi cikin ƙunshi uku, kuma recv ba ya jiran na uku. Da zarar wani abu ya iso, sai ya miƙa abin da ke hannu, ya faɗi adadinsa. Girman mazubin da ka ba shi iyaka ce da ba zai wuce ba, ba adadin da zai cika maka ba.

Abin da ke ɓoye wannan ga ɗalibi shi ne wurin gwaji. Yana gwada manhajarsa a kwamfuta guda, mai aikawa da mai karɓa suna zaune ɗaki ɗaya, babu nisa babu cunkoso, saƙon kuma gajere ne, sai komai ya iso a dunƙule. Ranar da manhajar ta hau layin wayar salula tsakanin Yamai da Damagaram, a nan ne gaskiya ke fitowa. Shi ya sa nake sa su rubuta mai aikawa wanda ke tura bayit ɗaya, ya dakata, ya sake tura ɗaya. Manhajar da ta jure wannan ta cancanci a saurare ta.

Misalin da na fi so kuwa daga rubutunmu yake. A tsarin UTF-8, baƙaƙen Latin na asali bayit ɗaya-ɗaya suke ci, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne bayit biyu ne. Kalmar «ƙasa» baƙaƙe huɗu ce, bayit biyar: C6 da 99 su ne ƙ, sannan a, s, a. TCP bai san Hausa ba, saboda haka babu abin da zai hana shi yanke saƙon tsakanin C6 da 99. Idan mai rubuta manhaja ya mayar da kowane guntu rubutu da zarar ya iso, rabin baƙi zai faɗa hannun mai fassarawa, ko dai manhajar ta tsaya da kuskure, ko wata alamar tambaya ta maye gurbin ƙ. Wanda ya yi gwaji da Turanci zalla ba zai taɓa ganin wannan aibi ba. Masu amfani da manhajar a Maraɗi ne za su gan shi, kuma mai yiwuwa su ɗora laifin a kan wayarsu.

Magani shi ne mai aikawa da mai karɓa su amince tun farko a kan yadda ake gane ƙarshen saƙo. Hanyoyi biyu ne suka fi yaɗuwa. Ta farko ita ce alamar tsayawa: HTTP yana ƙare bayanan kansa da layin da babu komai a ciki. Ta biyu ita ce faɗin tsawo a gaba: idan DNS ya bi ta TCP, bayit biyu na farko ne ke faɗin tsawon abin da ke biye. Kowace aka zaɓa, aikin mai karɓa ɗaya ne. Ya kira recv, ya tara abin da ya samu a bayan na baya, ya ƙirga, ya sake kira har sai adadi ya cika. Abin da ya yi rara kuma ya adana shi, domin farkon saƙo na gaba ne.

A kowane zagaye dole a duba lambar da recv ya mayar. Idan ta fi sifili, adadin bayit ɗin da aka samu ke nan, kuma su kaɗai ya halatta a taɓa a cikin mazubin. A yaren C, recv ba ya ɗora sifilin da ke rufe rubutu, kai ne za ka ɗora. Idan sifili ce, ɗaya ɓangaren ya rufe layinsa cikin tsari, babu sauran abin jira, kuma manhajar da ba ta gane haka ba za ta yi ta juyawa har ta cinye ƙarfin na'ura. Idan -1 ce, sai a duba errno: EINTR na nufin wata sigina ce ta katse jiran, a sake kira, EAGAIN a soket ɗin da ba ya jira na nufin babu komai tukuna. Akwai tutar MSG_WAITALL da ke roƙon a cika mazubi, amma ita ma takan dawo da ƙasa da haka idan layi ya yanke ko sigina ta shigo. UDP kuwa hali daban gare shi: yana kiyaye iyakar kowane saƙo, sai dai idan mazubi ya yi ƙanƙanta, abin da ya yi saura ya salwanta.

Akwai darasi na ƙarshe da ya fi sauran nauyi a wurina. Tsawon da aka faɗa a gaban saƙo magana ce ta wanda ba ka sani ba. A watan Afrilu na 2014 aka bayyana aibin Heartbleed a cikin OpenSSL: manhajar ta yarda da tsawon da mai aikawa ya faɗa ba tare da ta gwada shi da abin da ya iso ba, sai ta riƙa mayar masa da kusan kilobayit 64 na abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a kowane roƙo, har da kalmomin sirri na mutane. Kafin nan, a watan Nuwamba na 1988, tsutsar Morris ta kutsa kwamfutoci ta hanyar cusa wa manhajar fingerd abin da ya fi ƙarfin mazubinta. Shekara 25 da ƴan watanni ne tsakaninsu, amma cutar ɗaya ce.

Ɗaliban da ke zaune gabana yau su ne gobe za su rubuta manhajojin da ake aika kuɗi da su, da waɗanda ke riƙe bayanan marasa lafiya. Don haka idan na karɓi aikinsu, abin da nake fara nema shi ne layin da ke biye da recv. Idan na ga an duba lambar da ya mayar, an kuma sa wa tsawon saƙo iyakar da ba za a wuce ba, sai in ci gaba da karatu. Idan ban gani ba, nakan mayar da aikin tun kafin in kunna shi.