Sabon kekena a hanyar Aburi

Keken tsere mai yankan iska ba a yi shi don jin daɗin zama ba. Wata huɗu na yi ina tara kayan nawa ɗaya bayan ɗaya: firam ɗin karbon na gwanjo, giyar Shimano 105, da ƙafafu masu faɗin baki. Wani makaniki a Nima ya haɗa mini, ya ɓoye wayoyin birki a cikin firam. Kuɗin kuwa daga jarin shago suka fito, uwargida ma ta sani, shi ya sa na ƙagu in ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Ranar Lahadi da asuba na bar Accra na nufi Aburi. In ana tafiya a hankali, wallahi bai fi tsohon kekena da komai ba. Sai da na wuce Adenta, na haura kilomita 30 a awa, inda iska ce ta fi komai riƙe mutum, sannan ya nuna halinsa. Na sunkuya, na ji kamar an kwance mini wata igiya a baya.

Hawan dutse daga Ayi Mensah kam babu ruwan keke, ƙafarka ce da numfashinka. Kowane rami sai da ya iso ƙashin bayana. A gangara wata babbar mota ta wuce, iskarta ta fizgi ƙafar gaba, gabana ya faɗi. Wuyana ya kwana biyu yana ciwo.

Wani abokin ciniki har ya taya. Na ce ya ba ni wata guda, zan ɗaga kan keken kaɗan in sake gwadawa.