Zuwa ga Ummi, kafin ki sauka

Ummina,

 Ke 'yar fari ce, kin san ba na iya kallon idonki in yi doguwar magana. Shi ya sa na rubuta. Ki karanta bayan suna, idan 'yan barka sun watse.

Halina kika ɗauko. Tun kina ƙarama, in an ɓata miki sai ki shige bayan ƙyaure ki sha kukanki, ki wanke fuska ki fito kina dariya. Mutane suna yabon kawaicinki, ni ma har alfahari na yi da shi. Yanzu shi ne yake ba ni tsoro.

Da na haifi ƙanenki, an yi arba'in, an gama wanka da kunun kanwa, amma ni ban dawo daidai ba. Ko jariri na barci, idona biyu. Abinci ba ɗanɗano. In ɗauke shi in ji kamar ɗan maƙwabta aka ba ni riƙo, sai in tsani kaina. Ke kuwa kin sha tsawa ba laifin tsaye ba na zaune, ki yafe mini. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi da ruƙiya. Wasu suka ce rashin godiyar Allah, wannan ta fi yi mini ciwo.

Gwaggonki ce ta ja ni sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, ina rufe fuska da mayafi kada a ce na haukace. Likita ta ce ciwon damuwa ne, yana kama mata da yawa bayan haihuwa, kuma yana jin magani. Ƙwayar sai ta yi makonni kafin a ga aikinta, kuma ba a yanke ta don an ji sauƙi. Akan ci gaba wata 6 ko fiye, sai likita ya ce a tsaya. Akwai wadda mai shayarwa ke iya sha. Addu'a kuwa ban bari ba, tare suka tafi da magani.

Ciwon yakan bi jini, don haka ki sa ido. Ƙuncin kwanakin farko yakan wuce da kansa. In ya haura mako 2, ki faɗa wa maigidanki, ku koma inda kika yi awo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa tunda a Kaduna kuke. In zuciya ta fara raya miki cutar da kanki ko jaririn, a ranar za a tafi, ko da tsakar dare ne.

In baki ya yi miki nauyi, turo mini saƙo kawai ki ce, "Mama, ki zo." Ba zan tambayi dalili ba. Allah Ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki