Babur Ɗin Kakana

Gadon da kakana ya bar mini shi ne babur ƙirar Ingila, Triumph Bonneville na 1968, mai silinda biyu da kafireta biyu. Bara ya soma tari, yana tafe yana fizga. Wani bakanike ya ce sai an kwance inji, ya yanka kuɗin da ya kai na makarantata. Har na ƙudura sayar da shi.

Sai na tuna dabarar marigayi, na taɓa salansa: ta hagu ba ta ɗau zafi ba. Fulogin ɓangaren ya yi baƙi ƙirin, alamar mai ya rinjayi iska. Ashe allurar tsayar da mai ce ta cinye. Da na sauya ta, na wanke fulogi, muryoyin biyu suka daidaita. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.